Siffa da Aikin Manyan Sinadaran da ke Cikin Ƙwayar Rai

Duk wani abu mai rai, mutum ne ko dabba ko tsiro, an gina shi ne da wasu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da taimakon madubin bincike. Waɗannan ɗakuna su ne ake kira ƙwayoyin rai. A jikin baligi guda akwai kimanin tiriliyan 30 daga cikinsu, kuma mafi yawansu jajayen ƙwayoyin jini ne. Idan aka ɗauki ƙwayar rai guda aka auna abin da ke cikinta, za a tarar wajen kashi 70 cikin 100 ruwa ne zalla. Abin da ya rage kuwa, galibinsa wasu manyan sinadarai ne iri huɗu, watau dangin sitaci, da dangin kitse, da furotin, da kuma sinadaran gado waɗanda aka fi sani da DNA da RNA. Da su aka yi ginshiƙan ɗakin da bangonsa, su ne ma'aikatan da ke cikinsa, a jikinsu kuma aka rubuta tsarin ginin baki ɗaya.

Abin da wannan maƙala ke son ta nuna shi ne, aikin kowane ɗaya daga cikin sinadaran nan yana rataye ne a kan siffarsa, siffar kuma tana fitowa ne daga yadda aka jera tubalan da aka gina shi da su. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida zai gane dalilin da ya sa mutum ke cin gero amma ba ya iya cin karansa, zai kuma gane dalilin da ya sa yaro mai amosanin jini ke kwana yana kukan ciwon ƙashi.

Da farko ya kamata a san abin da ake nufi da girma a nan. Kowane abu a duniya ƙwayoyin zarra ne suka haɗu suka yi shi, kuma ƙullin da zarra biyu ko fiye suke yi idan sun kama juna shi ne masana ke kira molekul. Molekul na ruwa zarra uku ne kacal. Na gulukos, watau sukarin da ke yawo cikin jini, zarra 24 ne. Amma molekul guda na himogulobin, furotin ɗin da ya ba jini jan launinsa, ya ƙunshi zarra wajen 10,000, na DNA kuwa da biliyoyi ake lissafinsa. Masana sinadarai sun daɗe ba su yarda akwai molekul mai irin wannan girma ba. A ganinsu sitaci da roba da furotin tarkacen ƙananan molekul ne da suka cure wuri ɗaya kamar curin ƙasa. A shekarar 1920 wani Bajamushe mai suna Hermann Staudinger ya fito ya ce dogayen sarƙoƙi ne na gaske, kowane zobe a ƙulle da na kusa da shi. Ya sha suka daga abokan aikinsa shekara da shekaru kafin gaskiyarsa ta bayyana, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1953.

Tsarin ginin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ƙwayar rai takan ɗauki ƙananan tubala, nau'insu ba shi da yawa, ta riƙa ƙulla su ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirya tsakiya a zare. Duk ƙulli guda da aka yi, molekul guda na ruwa yakan fita. Narkar da abinci kuwa warware wannan ƙulli ne ta hanyar mayar da ruwan. Saboda haka naman ragon da mutum ya ci ba ya shiga jikinsa a matsayin naman rago. Hanji yakan wargaza shi ya koma tubala, sa'an nan jiki ya sake jera tubalan bisa ga nasa tsarin.

Ƙwayar gero da karan gero

Mafi yawan abin da ke cikin ƙwayar gero sitaci ne, babban abin da ya ba kara ƙarfinsa kuma wani sinadari ne da ake kira selulos. Abin mamaki shi ne, duka biyun daga tubali iri ɗaya aka gina su, watau gulukos. Bambancin yana wajen ƙulli. A cikin sitaci kowane gulukos yana fuskantar inda na gabansa ya fuskanta, don haka sarƙar takan lanƙwashe ta murɗe, kuma ruwan zafi yakan samu hanyar shiga tsakani. Shi ya sa gari ke kumbura ya yi kauri idan ana talge. A cikin selulos kuwa kowane gulukos na biyu a kife yake, sai sarƙar ta miƙe sambal. Miƙaƙƙun sarƙoƙin sukan kwanta gefe da gefe su manne da juna, su zama zare mai ƙarfi wanda ruwa ba ya narkarwa. Zaren auduga kusan kashi 90 cikin 100 selulos ne. Ke nan rigar saƙi da malmalar tuwo asalinsu ɗaya.

A cikin yawun mutum da hanjinsa akwai sinadarin da ke yanka ƙullin sitaci, amma siffarsa ba ta dace da ƙullin selulos ba, saboda haka selulos yakan wuce ta cikin hanji kamar yadda ya shiga. Saniya ma ba ita ke yanka shi da kanta ba. Ƙananan halittun da ke zaune cikin tumbinta su ke yi mata wannan aiki, ita kuma ta amfana da abin da suka fitar. Dukiyar makiyayi gaba ɗaya tana tsaye ne a kan wannan ƙawance. Jikin mutum shi ma yana da irin nasa sitacin da ake kira gilaikojin, wanda hanta ke ajiye wajen giram 100 daga cikinsa. Sarƙarsa mai rassa ce ƙwarai, kuma hikimar rassan ita ce ana iya tsinkar gulukos daga bakin kowane reshe a lokaci guda idan sukarin jini ya yi ƙasa, alal misali cikin dare.

Dangin kitse ba dogayen sarƙoƙi ba ne kamar sauran, amma ƙa'idar siffa tana aiki a kansu. Man shanu da man kaɗe sukan daskare domin kaso mai yawa na jelar molekul ɗinsu miƙaƙƙiya ce, tana jeruwa kamar dami. Ta man gyaɗa kuwa galibi a tanƙware take, ba ta jeruwa, sai man ya zauna ruwa-ruwa. Mafi muhimmancin wannan dangi ga ƙwayar rai shi ne wani nau'i mai kai guda mai son ruwa da jela biyu masu gudun ruwa. Idan aka zuba shi cikin ruwa, da kansa yakan jeru sahu biyu, kawuna suna waje jeloli suna ɓoye a tsakiya. Wannan shi ne tantanin da ya kewaye kowace ƙwayar rai. A 1925 wasu masana biyu a ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka tatso kitsen jajayen ƙwayoyin jini suka shimfiɗa shi bisa ruwa, suka ga ya rufe wajen ninki biyu na faɗin ƙwayoyin, daga nan suka ce lalle tantanin ruɓi biyu ne. Kaurinsa bai wuce nanomita 5 zuwa 10 ba, nanomita ɗaya kuwa shi ne milimita guda a raba ta gida miliyan. Ƙofofin da ke jikin wannan tantani, masu shigar da abinci su fitar da shara, duk furotin ne.

Furotin

Tubalan furotin su ne amino asid, kuma iri 20 ne. Sun yi kama da haruffa, domin ma'anar tana ga yadda aka jera su. Idan sarƙa tana da gurbi 100, kowane gurbi kuma ana iya sa masa ɗaya daga cikin tubala 20, to, yawan sarƙoƙin da za a iya shiryawa ya zarce adadin ƙwayoyin zarra da ke cikin sararin samaniya da ake iya hange. Wanda ya fara karanta jerin furotin guda daga farko har ƙarshe shi ne Frederick Sanger na Kambirij a Ingila. Ya shafe kimanin shekara goma a kan insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ya kammala a 1955, ya tarar tubala 51 ne a sarƙa biyu. Muhimmancin aikinsa shi ne ya tabbatar kowane furotin yana da jerinsa tsayayye wanda ba ya sauyawa daga molekul zuwa molekul.

To amma miƙaƙƙiyar sarƙa ba ta aiki. Tubalan nan 20 halayensu sun bambanta: wasu suna ɗauke da cajin lantarki kuma suna son ruwa, wasu kuwa kamar mai suke, suna gudunsa. Da an gama ƙulla sarƙar a cikin ruwan ƙwayar rai, sai ta nannaɗe kanta, masu gudun ruwa su shige ciki su ɓuya, masu son ruwa su tsaya a waje. Wasu sassan sukan murɗe kamar matakalar hasumiya, wasu su kwanta jere kamar tabarma, siffofi biyu ke nan da Linus Pauling da Robert Corey suka bayyana a Amurka a 1951. Daga bisani Christian Anfinsen ya ɗauki wani ƙaramin furotin mai tubala 124, ya zuba masa sinadarin da ya warware shi har ya daina aiki, sa'an nan ya janye sinadarin. Sai sarƙar ta sake naɗe kanta daidai yadda take a da, aikinta kuma ya dawo. Wannan ya nuna umarnin naɗin yana cikin jerin tubalan da kansa. Ba kullum ne naɗi ke dawowa ba, ko da yake. Zafi yakan warware furotin ɗin farin ƙwai, sarƙoƙin su sarƙe da juna, kuma dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. Tsami ma yakan yi irin wannan aiki, kamar yadda ake gani idan madara ta zama kindirmo, ko idan aka zuba ruwan tsami a madarar waken suya za a yi awara.

Wasu furotin dogaye ne domin aikinsu riƙo ne. Kolajin, wanda ya fi kowane furotin yawa a jikin mutum, sarƙa uku ne da aka tufke kamar igiya, shi ne ƙarfin fata da jijiya, shi ne kuma abin da majemi ke sarrafawa ya zama kirgi. Wasu kuwa dunƙulallu ne, da ɗan rami a jikinsu wanda siffarsa ta dace da wani molekul guda kaɗai. Waɗannan su ne inzayim, ma'aikatan da ke gaggauta haɗawa da rabawa a cikin ƙwayar rai. A 1894 Emil Fischer ya kwatanta su da kwaɗo da mabuɗinsa, ko da yake bincike na baya ya nuna ramin yakan ɗan matse idan abin ya shiga, kamar yadda tafi ke rufe ƙwallon goro. Saurinsu ya wuce misali. Akwai wani inzayim a cikin jar ƙwayar jini mai haɗa gurɓatacciyar iskar numfashi da ruwa, wanda molekul ɗinsa guda ke iya maimaita aikin har sau miliyan a cikin daƙiƙa ɗaya. Matan gida sun daɗe suna amfani da inzayim ba tare da sun san sunansa ba. Ganyen gwanda da ake naɗe nama mai tauri da shi yana da inzayim mai yanka furotin, busasshen dankalin da ake sa wa kunun zaƙi kuma yana da mai yanka sitaci ya mayar da shi sukari.

Himogulobin

Babu furotin ɗin da ya fi himogulobin dacewa da a tsaya a kansa, domin a jikinsa ne aka fi ganin yadda siffa ke zama aiki, kuma a jikinsa ne wata babbar matsalar lafiya ta ƙasar nan take. Max Perutz, ɗan asalin Ostiriya mai aiki a Kambirij, ya fara ƙoƙarin gano siffarsa a 1937 ta hanyar haska ƙanƙararren furotin ɗin da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ya kuma lissafa yadda hasken ke watsuwa. Bai ga siffar ba sai a 1959, bayan shekara 22.

Abin da ya gani shi ne sarƙa huɗu a rungume da juna: biyu da ake kira alfa, kowace da tubala 141, da biyu da ake kira beta, kowace da tubala 146. A cikin lungun kowace sarƙa akwai wani ɗan faifai mai zarrar ƙarfe guda a tsakiyarsa, kuma a kan ƙarfen nan ne iskar oksijin ke sauka. Jar ƙwayar jini ƙanƙanuwa ce, sai an jera wajen 130 kafin su cika milimita ɗaya, amma kowace tana ɗauke da molekul na himogulobin kimanin miliyan 270. Da taimakonsu jini ke ɗaukar oksijin wajen ninki 70 na abin da ruwansa kaɗai zai iya ɗauka.

Ɗaukar kaya rabin aiki ne, saukewa shi ne sauran rabin. Da himogulobin ya riƙe oksijin gam-gam, da ba zai sake shi ga tsoka ba; da kuma riƙon ya yi sako-sako, da ba zai cika ɗauka a huhu ba. Yadda aka warware wannan shi ne molekul ɗin yana da siffa biyu. Idan oksijin ya sauka a kan ƙarfen sarƙa ɗaya, ƙarfen yakan ɗan motsa, ya ja sarƙar da yake jikinta, ita kuma ta taɓa maƙwabtanta, sai dukan molekul ɗin ya juya zuwa siffar da ke karɓar oksijin da sauƙi. A huhu, inda iskar take da yawa, gurabun huɗu sukan cika kusan lokaci guda. A cikin tsoka kuwa, da ɗaya ya sauka sai sauran su yi saurin biyo shi, molekul ya koma siffarsa ta farko. Tsamin da tsoka mai aiki ke fitarwa yana ƙara tura shi ga saukewa, abin da Christian Bohr ya lura da shi tun 1904. Ke nan manomin da ke huɗa, tsokar hannunsa da ta bayansa su ke samun kaso mafi tsoka, ba tare da wani ya ba da umarni ba.

Wannan gurbi na ƙarfe yana da abokin gaba. Iskar kabon monoksaid da ke fitowa daga gawayi da injin janareta tana kama ƙarfen fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, kuma ba ta da launi ko wari. Shi ya sa kasko mai garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko janareta a cikin zaure, ke iya hallaka mutanen gida suna barci.

Amosanin jini

A 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya ba da rahoton wani ɗalibi daga tsibirin Girenada wanda jajayen ƙwayoyin jininsa suka yi tsawo suka lanƙwashe kamar lauje. Mutanen Afirka ta Yamma sun san ciwon tun kafin nan da sunaye dabam-dabam. A 1949 Pauling da abokan aikinsa suka nuna himogulobin ɗin masu ciwon yana tafiya dabam da na masu lafiya idan aka sa shi a tsakanin sandunan lantarki, watau laifin yana jikin molekul ɗin. A 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gano ainihin wurin. A gurbi na 6 na sarƙar beta, inda ya kamata a sami tubalin da ake kira gulutamik asid, sai aka sami wani da ake kira balin. Sauran tubala 145 lafiyarsu ƙalau. Mai jin Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, domin ya san tazarar da ke tsakanin bari da ɓari, ko kafa da ƙafa.

Gulutamik asid mai son ruwa ne, ya dace da zama a bayan molekul. Balin mai gudun ruwa ne, ga shi kuma an ajiye shi a waje, don haka kullum yana neman inda zai ɓuya. Muddin himogulobin yana ɗauke da oksijin, babu maɓoya. Amma da ya sauke kayansa ya juya zuwa ɗaya siffar, sai wani ɗan rami mai maiƙo a jikin sarƙar beta ya samu daidaituwa da shi, balin na wannan molekul ya faɗa ramin na kusa da shi, na wancan ma ya faɗa na gaba. Haka za su yi ta kama juna har su zama dogon zare mai tufka 14, mai tauri kamar tsinke. Zarurrukan su ke miƙar da ƙwayar jinin su mayar da ita lauje. Lafiyayyar ƙwaya taushi gare ta, takan lanƙwashe ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta. Mai siffar lauje kuwa takan maƙale, ta manne da bangon jijiya, ta tare hanya, naman da ke gaba ya rasa iska. Wannan shi ne ciwon ƙashi da na ƙirji da ke kwantar da masu cutar, shi ne kuma ke lalata saifa tun suna ƙanana, wani lokaci ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Bugu da ƙari, lafiyayyar ƙwaya tana rayuwa wajen kwana 120, mai lauje kuwa kwana 10 zuwa 20, ɓargo ba ya iya cike giɓin, sai ƙarancin jini ya zauna.

Akwai wani abu a nan da ya kamata ma'aikatan lafiya da iyaye su fahimta. Zaren ba ya haɗuwa nan take, yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya fara, kuma sau da yawa ƙwayar takan riga ta koma huhu ta ɗauki oksijin kafin ya kama. Tsawon wannan jinkiri ya dogara ƙwarai a kan yadda himogulobin ya cunkushe a cikin ƙwayar. Ruwa kaɗan ya ragu, jinkirin ya gajarta da yawa. Saboda haka shawarar da ake ba masu cutar ta yawan shan ruwa, da guje wa sanyi mai takura jijiyoyi, da gaggauta maganin zazzaɓi, tana da tushe a cikin halin molekul ɗin kansa.

Kundin gado

Tambayar da ta rage ita ce, daga ina kuskuren ya fito, kuma me ya sa yake bin zuriya? Amsar tana ga DNA. Friedrich Miescher ne ya fara ware wannan sinadari a 1869 daga mugunyar da ke jikin bandejin asibiti a Jamus, amma sai a 1944 Oswald Avery da abokansa suka nuna shi ne ke ɗauke da gado. A 1953 James Watson da Francis Crick, bisa dogaro da hotunan eksire na Rosalind Franklin da Maurice Wilkins, suka bayyana siffarsa: sarƙa biyu a murɗe da juna kamar tsanin da aka murɗa. Tubalansa huɗu ne, ana yi musu laƙabi da A, T, G da C, kuma siffarsu ta sa A ba ya kama kowa sai T, G kuma sai C. A nan ma siffa ce ta bayyana aiki, domin idan aka raba sarƙoƙin biyu, kowace za ta zama ma'aunin da za a sake gina abokiyarta a kai, a sami kwafi biyu iri ɗaya. Abin da ke faruwa ke nan duk lokacin da ƙwayar rai za ta rabu biyu.

DNA da ke cikin ƙwayar rai guda ta mutum, in da za a miƙe shi, ya kai wajen mita 2. Haruffan da mutum ke gada daga kowane ɗaya cikin iyayensa sun kai biliyan 3, a cikinsu kuma akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000 masu ɗauke da umarnin gina furotin. Idan ana bukatar wani furotin, akan kwafe umarninsa a kan RNA, a kai shi wurin ƙira, a riƙa karanta haruffa uku-uku, kowane uku suna nufin amino asid guda. GAG yana nufin gulutamik asid, GTG yana nufin balin. Sauyin harafin nan guda na tsakiya, a cikin biliyan 3, shi ne asalin amosanin jini.

Kowane mutum yana da kwafi biyu na umarnin sarƙar beta, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai lafiyayyu biyu shi ne AA, mai ɗaya lafiyayye ɗaya mai kuskure AS, mai biyu masu kuskure SS. A jinin mai AS, lafiyayyen himogulobin ya fi yawa, yana shiga tsakani ya hana zaren haɗuwa, saboda haka yawanci ba ya ciwo. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zama SS. Kowane ciki lissafinsa dabam ne. Haihuwar ɗa mai cutar ba ta kuɓutar da ƙannensa uku ba, kuma wannan kuskuren fahimta ya yaɗu har a tsakanin masu ilmi. Akwai kuma wani sauyi a wannan gurbi na 6 da ake kira C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. Wanda ya gaji S da C tare shi ma yana ciwo, ko da yake galibi bai kai na SS tsanani ba.

Ana iya tambaya, me ya sa gado mai kisa irin wannan bai ƙare ba? A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda ƙwayar cutarsa ke zama cikin jar ƙwayar jini tana cin himogulobin. Binciken da aka yi daga baya ya nuna kariyar daga mummunan zazzaɓi ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi ya fito ne daga gundumar Garki, wadda take cikin Jihar Kano a lokacin, yanzu kuma Jigawa, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da bincike kan zazzaɓi daga 1969 zuwa 1976. Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 1979 cewa masu AS kashi 24 cikin 100 ne a tsakanin jarirai, amma kashi 29 a tsakanin waɗanda suka wuce shekara biyar, alamar sun fi sauran tsira. Masu SS kuwa wajen kashi 2 cikin 100 ne na jarirai, amma da ƙyar aka sami ɗaya a cikin manya. A ƙauyukan wancan zamani kusan dukansu sun rasu tun suna yara, yawancinsu ba tare da an san abin da ya kashe su ba. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar yara wajen 150,000 da cutar a Nijeriya kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Sanin siffar molekul ɗin ya nuna hanyar magani. Jariri a ciki yana amfani da wani himogulobin dabam wanda ba shi da sarƙar beta, kuma wannan nau'i ba ya shiga cikin zaren, hasali ma yana hana shi haɗuwa. Shi ya sa alamun cutar ba sa bayyana sai jariri ya kai wajen wata shida, lokacin da jiki ya rufe umarnin na jarirai ya buɗe na manya. Maganin haidiroksiyuriya, wanda Amurka ta amince da shi domin wannan cuta a 1998, yana sa jiki ya ƙara yin himogulobin na jarirai. Wani gwaji da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna, wanda aka buga sakamakonsa a 2022, ya goyi bayan ba da shi, ko da ƙaramin awo ne, ga yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a gyara DNA ɗinsu domin a sake buɗe umarnin himogulobin na jarirai, sa'an nan a mayar masa. Kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda, abin da ya fi ƙarfin kusan duk iyalan da cutar ta fi shafa. Gwajin jinin da ke bambanta AA da AS da SS kuwa, wanda asalinsa dabarar lantarkin nan ce ta 1949, ana yin sa a manyan asibitocin gwamnati da kuɗi kaɗan, kuma a 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta shi kafin ɗaurin aure.